Wayar da Ta Ce Hanya Lafiya

Sabon Birni, farkon damina

Zuwa ga baiwata Nana Firdausi, a Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikin da ya hana ki zuwa gida. Mu nan da sauƙi. Gwaggonki Azumi ƙafar ce dai ke damunta, amma bakin lafiya lau yake. Matata Saude na gaishe ki. Idan kun yi waya da Kawu ki ce masa ɗan ƙanwarsa na nan bai mutu ba.

Kada ki yi mamakin doguwar wasiƙa daga makaho. Da hannuna nake rubuta ta a waya, muryar nan ta cikin waya tana faɗa mini duk harafin da na taɓa. Kira kam ba ya yiwuwa, sabis ya ƙaurace wa garin nan. Bawa mai babur ne ke tara wayoyin unguwa cikin jaka, ya kai su wani tudu ta wajen Burkusuma inda ake kama sabis ɗin Nijar. Saƙonni su fita, wasu su shigo, ya dawo mana da su. In kin ga amsata ta yi jinkiri ba fushi ba ne, Bawa ne bai fita ba.

Ga abin da ke tafe da ni. Kin san tun da hawan jinin ido ya rufe mini gani na bar koyarwa a Islamiyya, Saude ce ke riƙe da gidan nan. Duk ran kasuwar Bafarawa takan ɗauki ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta shiga mota, ta dawo mana da gero. Hanyar kuwa ta zama ta mutanen daji, yau su bari, gobe su tare. Ni ke cewa ta tafi ko ta zauna. A da direbobi da 'yan babur suna da zaure a waya inda suke ajiye labarin hanya da murya. Na san muryar kowa. Na san mai ƙara gishiri, na san wanda in ya ce lafiya to lafiya ce. Har maƙwabta kan zo ƙofar gida su tambaye ni, kuma ba za ni ɓoye miki ba, wannan tambayar ce ta sa ban ji kaina kayan banza ba.

To an rufe zauren, wai an gano akwai mai kai wa daji rahoto a ciki. An ce kowa ya koma manhajar nan Idon Hanya, wadda na ji ofishinku ne ya ƙera ta. Na sa an saka mini. Na taɓa nan, murya ta ce hoto. Na taɓa can, ta ce maɓalli. Maɓalli, maɓalli, hoto, shi ke nan karatun. An ce mini taswira ce, hanya mai kyau kore, mai haɗari ja. Sunan ya dace ƙwarai, don mai ido kuka yi ta.

Satin da ya wuce sai da na tsaya bakin titi ina miƙa wa masu wucewa wayata, ina roƙon a duba mini kalar hanyar da matata za ta bi. Wani ya zaci bara nake. Na ji ciwon wannan har cikin ƙashina.

Ke da aka sayo ki don ki yi mini aiki, ga aiki ya samu.

Ubangidanki,
Kassimu

Abuja

Zuwa ga bawana Kassimu.

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai kewar tuwon Gwaggo. Ka ce mata ta rage zaman ƙasa, ka gaishe mini da Saude. Baba yana Sakkwato lafiya, ya ce shi ɗan ƙanwar da ba ya aike ba ya cikin lissafinsa.

Tukuna ma, yaushe ɗan mace ya zama ubangidan ɗiyar namiji? Makanta ba ta 'yanta bawa, ka sani.

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, da na kai wurin bakin titi dariyar ta tsaya. Mu biyar muka ƙera abin nan, ni kaɗai ce 'yar can, kuma wallahi ko sau ɗaya ba ka faɗo mini a rai ba. Na rufe idona na kunna muryar waya na gwada da kaina. Ban kai ko'ina ba.

Na kai maganar gaban ogan namu. Bai yi mini wulaƙanci ba, tambayata ya yi: makafi nawa ne ke bin hanyar daji? Na ce ba bi suke ba, amma suna da mata da 'ya'ya masu bi. Ya ce a bari sai zagaye na gaba, yanzu masu ba da tallafi taswirar Zamfara suke jira. Na san zagaye na gaba, ɗan'uwan gobe ne, ba ya isowa.

Don haka za ni yi da kaina bayan an tashi aiki. Kowane maɓalli za ni sa masa suna. Kowace hanya za ni sa ta faɗi halinta da baki, ba da kala kaɗai ba. Akwai matsala guda: muryar da ke cikin waya ba ta iya Hausa ba, na ji yadda take kiran sunan garin Kurawa kamar mai ciwon haƙori. Saboda haka muryata za ni ɗauka in saka. Ka shirya, daga yanzu uwar ɗakinka za ta riƙa ba ka umarni safe da yamma.

Ka ba ni ɗan lokaci. Kafin nan kada Saude ta fita sai mai ido ya duba maka.

Firdausi

Sabon Birni, tsakiyar damina

Baiwata,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya zauna, sai dai gonakin nesa babu mai zuwa, ciyawa ce ke cin rabonta. Gwaggonki ta ce ki yi aure, na ce wa zai kwashi wannan jidali.

Bawa ya dawo da wayata ran Laraba, na taɓa, sai na ji ki ras a cikin ɗakina: “Hanyar Isa, lafiya. Hanyar Kurawa, an tare, kada a bi. Hanyar Bafarawa, lafiya.” Gwaggonki ta saki ludayi ta ce, “Wagga ba Nana ta ba? Yaushe taz zo ba a hwaɗa min ba?” Da ƙyar na fahimtar da ita. Har yanzu in na kunna sai ta amsa miki da sannu da aiki.

Ba na son in yabe ki kanki ya kumbura, amma kin mayar mini da wani abu. Na daina miƙa wa kowa waya. Fuskar wayar ma na kashe ta gaba ɗaya, baƙi ƙirin take, don caji ya daɗe, tunda wutar sola sai an bi layi. Me za ni yi da haske? Maƙwabta sun dawo ƙofar gida. Hajjo, matar Bawa, wadda suke zuwa kasuwa tare da Saude, kullum da safe sai ta leƙo ta ce, “Malam, mi Nana tac ce?” In ce Nana ta ce a tafi. Kasuwa ta yi kyau sau da dama, har Saude ta sayo mini sabuwar hula, wai tana da aiki mai kyau. Na yarda da ita.

Sai dai ke fa kin cika son lafiya. Hanyar Bafarawa kullum lafiya, kullum lafiya, kamar gaisuwar suruki. Wani lokaci Bawa ya kwana biyu bai fita ba, in taɓa, ki ce lafiya da muryar nan taki mai daɗi, kamar yanzu kika sauko daga mota. Direbobin da can in za su yi magana sukan ce yau Talata da hantsi na wuce. Ke ba ki san Talata ba, ba ki san hantsi ba. Ko da yake me ake tsammani daga baiwar da ba ta san lokacin tashi daga barci ba?

Ban damu ba dai, ni nake riƙe da lissafin fitar Bawa. In bai fita ba, ba na jin maganarki.

Ubangidanki har gobe,
Kassimu

Abuja

Bawana,

Na gaishe ku duka. Ka ce wa Gwaggo na ji, ana kan dubawa. Hular kuma Allah ya sa ba ta mata ba ce aka ɗora maka.

Kai dai ba a iya maka. An ba ka murya kyauta, yanzu kuma muryar ce ta cika faɗin alheri? In na ce an tare ka ce na cika baƙin labari, in na ce lafiya ka ce ni suruka ce. Taubashi ba ya godiya, na sani, shi ya sa ban sa rai ba.

Don hankalinka ya kwanta, ba ni kaɗai na gwada ba. Akwai wani malami makaho a nan, Marwan, na kai masa har makarantarsu. Ya bi kowane maɓalli, ya bi kowace hanya, ya ce bai taɓa jin manhajar gida da ta yi masa magana haka ba. Oga ma da ya gani ya ce a saka shi cikin rahoto, ka ji mutanen duniya.

To ka bar ƙorafi. Yanzu ba ka buƙatar idon kowa, ka riƙe wannan. In na ce lafiya, lafiya ce.

Uwar ɗakinka,
Firdausi

Abuja

Kassimu,

Ina fatan kuna lafiya. Shiru ya yi yawa. Na aiko sau biyu babu amsa, saƙon ma ban ga alamar ya shiga ba.

Na ga hanyar Bafarawa ta yi ja a wurinmu tun kafin ranar kasuwar da ta wuce, na ce alhamdu lillahi, Kassimu ya ji, Saude na gida. Jiya kuma Baba ya kira ni ya ce an tare wata mota a wajen, bai san su wa ke ciki ba. Ya nemi mutanen gida bai samu kowa ba.

In wasa ne kake yi mini don na ce ba ka godiya, ka ci, na janye. Ka rubuto ko kalma ɗaya ce.

Firdausi

Sabon Birni

Nana Firdausi,

Assalamu alaikum. Inna, gwaggonki, tana nan da rai. Ni ma haka. Saude tana hannun mutanen daji. Hajjo ta rasu, a wurin suka harbe ta da direban. Bawa bai sake fita da wayoyi ba sai yau, shi ya sa kika ji shiru.

Za ni gaya miki yadda aka yi, don ke ce za ki gane abin da ni ban gane ba.

Ana gobe kasuwa Bawa ya fita da wayoyi, ya dawo da la'asar. Ya ce sabis ya yi rauni saboda hadari, amma abubuwa sun shigo. Na duba, ga wasiƙarki, wadda kika ce ba na buƙatar idon kowa. Na yi dariya, na karanta wa Saude. Na ce a raina tunda wasiƙa ta shigo, labarin hanya ma ya shigo. Na taɓa. Kika ce hanyar Bafarawa lafiya.

Da safe Saude ta tsaya tana ɗaure kaya. Ta ce, “Malam, na ji mata na cewa motoci ba su cika ba yau. Ko in hwasa?” Na sake taɓawa a gabanta, ta ji ki da kunnenta. Na ce mata, “Ke ji dai. Jiya-jiya anka ɗauko shi. Tahi abinki, gero ya ƙare.” Hajjo ta leƙo ta yi tambayarta ta kullum, na ba ta amsar kullum. Na ji ƙarar robar mai tana bugun ƙafar Saude har suka sha kwana.

Bayan an yi jana'iza, Bawa ya zo ya zauna kusa da ni. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce in kunna fuskar wayar ya gani. Na kunna. Ya duba, sannan ya ce, “Malam, ai ba kore ta ba. Toka-toka ta.” Ya ce in labari ya tsufa kalar takan dushe ta koma toka, kowa ya san wannan, kuma can sama akwai ɗan agogo da aka ja wa layi. Ya ce wayoyi da yawa a jakarsa ran nan haka suka dawo, masu su suka gani suka zauna gida. Shi bai duba tasa ba, tunda Hajjo ta ce Malam ya ce Nana ta ce.

Ni ban san akwai toka-toka ba. Kore da ja aka gaya mini. Babu wanda ya taɓa ambata mini kala ta uku, ke ma muryarki ba ta san ta ba.

Na gaya miki a wasiƙar damina cewa ba ki san Talata ba, ba ki san hantsi ba. Na sake saurarenta jiya. Da gaske nake a lokacin, amma na naɗe maganar cikin wasa, don tun muna yara ban san yadda ake yi miki magana ba sai ta haka. Ke ma kika amsa ta inda na aiko ta. Ba na cewa laifinki ne. Ba na cewa kuma ba na jin haushinki, ina ji, kuma ina jin na kaina fiye da haka.

Mutanen dajin sun kira sau ɗaya ta wayar wani daga cikin waɗanda suka kama, danginsa da ke inda ake da sabis suka samu, sun ce a jira. Muna jira.

Kassimu

Abuja

Yaya Kassimu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hajjo, ya ba Bawa haƙuri. Allah ya kuɓutar da Saude. Ban taɓa kiranka Yaya ba, yau ban san wani sunan da za ni kira ka da shi ba.

Na bi abin na gano inda ya karye. Wasiƙa ba ta da nauyi, ko sabis mai rauni yana ɗaukarta. Taswira kuwa tana da nauyi, ba ta sauko ba. Sai manhajar ta riƙe tsohon labari ta dusar da kalarsa, kamar yadda aka tsara ta. Ni kuma murya biyu na ɗauka, ta kore da ta ja. A Abuja sabis ba ya yankewa, ban taɓa ganin toka-toka a wayata ba, Marwan ma bai taɓa cin karo da ita ba. Kai kaɗai ka ji ta, ka kuma faɗa, na ce ba ka godiya.

Na gyara. Yanzu kafin ta faɗi halin hanya sai ta faɗi ranar da labarin ya zo da lokacinsa. In ya kwana, ba za ta ce lafiya ba ko da kore ne. Na kashe sabis na gwada, na sa Marwan ya shiga ɗakin da ba ya kamawa ya gwada. Oga bai ce a jira zagaye na gaba ba wannan karon. Ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Na so in cire muryata in sa ta wani. Na ga ba ni da hurumin yanke wannan, kai za ka faɗa. In ba ka son sake jina, za ni cire.

Baba ya ce za shi zo da kansa da zarar an samu rakiya. Ni ma na nemi hutu. Ka gaya mini gaskiya ko zuwana zai yi maka nauyi.

Firdausi

Sabon Birni, kaka

Nana,

Sallama. Inna na gaishe ki, ta rame, ba ta cika magana ba yanzu. Kawu ya zo ya koma. An yanke geron gonakin kusa. Ke kada ki zo tukuna, ba don nauyi ba, don hanya.

Bawa ya ci gaba da kai wayoyi. Yana karɓar tawa, yana dawo mini da ita, muna gaisawa, iyakarta ke nan. Maƙwabta ba su daina zuwa ƙofar gida ba, abin da ya ba ni mamaki. Sai dai yanzu fuskar wayar a kunne take, caji ya ƙare in ya ga dama. In sun tambaya sai in kunna su ji, in miƙa su gani, kowa ya yanke wa kansa. Akwai wata tsohuwa mai yanar ido a bayan masallaci, da wani tela da ya ce shi tun asali ba ya bambance ja da kore, kunya ta hana shi faɗa. Su ma suna zuwa saurare. Na ga ya kamata ki sani.

Muryar ki bar ta. Na yi kwanaki ba na iya taɓa wayar, gaskiya ne. Amma in aka sa ta baƙo, Inna za ta tambayi ina kika tafi, kuma gidan nan ya gaji da wannan tambayar.

Wasa kuwa na ajiye shi. Ba fushi ba ne. In na sake ganin abin da ya karkace, ina son in faɗa ki ji.

Mutanen daji ba su sake kira ba. Wani da ya kuɓuto ya ce ya ga mace mai kama da Saude tana yi musu daka, wani ya ce an wuce da su gaba. Robar man gyaɗarta aka kawo mini daga wurin motar, tana nan bayan ƙofa, ban bari an taɓa ba.

Yau da asuba bayan na idar da salla na taɓa hanyar Bafarawa, kamar yadda nake yi kowace safiya, ko da yake ba ni da mai bin ta. Kika ce, “Babu sabon labari. Ban sani ba.” Inna tana daga ɗakinta, ta zaci maganar Saude ake yi. Ta ce, “Allah shi sa mu ji alheri, Nana.”

Ban gyara mata ba.

Kassimu